Koriyar Kwalbar da Labbo Ya Kawo wa Baba

Da sunan Allah, Masanin abin da ƙiraza sunka ɓoye. Wannan babi ba don daɗin labari na sa shi ba. Na sa shi ne don na gaji da jin ku, ku da 'ya'yanku, da yaro ya yi rashin ji sai a ce masa, "Kai dai kada ka gado Kawu Sahabi." Kwanan baya a gidan suna na ji matar ɗayanku ta faɗa har tana ƙyalƙyala dariya, ita da ko hanyar kabarinsa ba ta sani ba. Na haɗiye, don gidan mutane ne. To, yau ba a gidan mutane nake ba. Yayana Sahabi ya sa ni rantsuwa ba zan buɗe baki ba sai bayan ran Baba da na Inna da nasa. Duk ukun ƙasa ta rufe masu ido, ni ma ga ni nan ina jiran kira, saboda haka ku kasa kunne.

Garinmu yana bakin fadama tsakanin Wurno da Rabah, kakanku kuwa shi ne limamin Jumu'a, kamar yadda ubansa ya yi kafin shi. Ku da ba ku riske shi ba kuna jin ana cewa mutumin kirki ne, amma ba ku san nauyin kirkin nan a kan mutanen gida ba. Mutum ne da in kaza ta bi ta kan buzunsa sai an wanke an shanya. Bai taɓa sa abincin kasuwa a baki ba. Wata shekara, bayan an watse daga masallaci, shakka ta kama shi a kan alwallar da ya ja salla da ita. Malamai sunka ce masa ba komai, ina, bai ji ba, gida-gida ya bi da ƙafarsa yana faɗa wa mutane, har rugar Fulani. Bai iya ɓoye laifin kansa ko na ƙwayar gero ne, bai kuma iya kau da kai ga na ɗansa.

Sahabi shi ne ɗan fari, don haka Inna ba ta faɗin sunansa, sai dai ta ce "wancan" ko "yayanki". Lokacin da Nasara sunka matsa wa hakimai a ba su mazaje don yaƙin Bama, ƙuri'a ta faɗa kansa. Can ɗaukar waɗanda anka harba anka sa shi, yana kai su wurin likita. Ya dawo a rame, ba ya son magana, ga taba a baki. Bai koma kan littattafansa ba, sai ya kama noman albasa a fadama. Mutanen gari na cewa soja ba ya dawowa da alwallarsa, Baba kuwa ya ji wannan magana ta zauna masa a rai. Tsakaninsu sai gaisuwar safe, Sahabi ya durƙusa daga bakin zaure, Baba ya amsa bai ɗaga kai daga littafi ba.

A ƙarshen daminar da nake ba ku labari masassara ta kayar da Baba. Ni ina gidan ubanku a Rara anka aiko, na taho jinya da Amadu a goye. Na iske tsoho ya zama ƙashi da fata. Kwana da kwanaki ba abin da ya zauna masa a ciki, ko kunu anka ba shi sai ya dawo. Jumu'a ɗaya ta riga ta wuce shi, na'ibinsa Malam Buhari ne ya ja, shi kuwa ya ce ko da rarrafe ne ba za a yi ta biyu ba shi ba.

Ran Alhamis da yamma sai ga Labbo. Labbo a gaban Baba ya yi karatu tun yana yaro, ya girma ya zama falken albasa, yana kaiwa Kurmi. Mutum ne mai son malaminsa har cikin zuciya, ko a gaban Allah zan faɗi haka. Ya kwance ɗan ƙunshi ya fito da wata koriyar kwalba mai kusurwa huɗu, da takarda manne a jikinta.

Ya ce, "Malam, maganin Nasara na, na masassara da sanyin ƙashi. Mai kantin yac ce tsohhinsu da shi suka tashi."

Baba ya karɓa ya jujjuya. Rubutun boko ne, a gidanmu kuwa in ka kawo Larabci ko ajami har mata za su karanta maka, amma boko ko a miƙe ko a kife duk ɗaya ne gare mu. Labbo ma hakanan. Sahabi kaɗai ya san 'yan baƙaƙen, shi kuma yana kwana a fadama wajen irin albasarsa. Baba ya sa wa Labbo albarka, Labbo ya tafi, don da asuba zai bi ayari zuwa kasuwar Goronyo.

Ku 'yan zamani da cokali kuke auna magani. Mu a wurinmu magani jiƙo ne, kuma ƙa'idarsa sananniya ce: da sassafe ake shan shi kafin komai ya taɓa harshe, a ƙoƙo, a kafa kai ba a ajewa sai an ga gindin ƙoƙon. In ya yi ɗaci ko ya yi zafi, to shi ne mai aiki. Haka Inna ta sani, haka uwarta ta koya mata. Bayan sallar asuba ta ɗauko ƙoƙon da Baba ke shan jiƙon maɗaci, ta cika shi. Fari ne ƙal kamar ruwan rijiya, da wani ƙamshi mai hawa kai. Baba ya yi bisimilla ya kafa kai. Ya sauke yana tari, hawaye na zuba.

Ya ce, "Kai! Wanga magani da wuta shike." Ya dafe ƙirji. Can ya ce, "Na ji ɗumi har ga yatsun ƙahwa. Ƙaro."

Ta ƙara masa. Abin da ya rage a kwalbar bai kai rabi ba.

Rana ba ta gama hawa katanga ba Baba ya miƙe tsaye da kansa, mutumin da jiya sai an tallabe shi. Ya ce a fito masa da rigar Jumu'a. Ni da Inna munka dubi juna muna hamdala, muna cewa Allah Ya yi wa Labbo albarka, magani ya karɓe shi. Sai ya yi dariya. Ni dai tun da anka haife ni ban taɓa ganin haƙoran Baba na ciki ba, murmushi ne iyakarsa. Ran nan ya ɓaɓɓake da dariya har yana buga cinya. Ya kira Inna da sunanta na yanka, a gabana, ya kama bakin zanenta. Sannan ya soma wata waƙar noma ta samartaka da ban san ya sani ba. Nan tsigar jikina ta tashi. Idon nan nasa ne, muryar tasa ce, amma wallahi wanda ke cikin rigar ba ubana ba ne. Ya ce bari ya gwada huɗuba, ya ɗauko aya, harshe ya naɗe, ya haɗa ta da wata, ya sake dariya. Ya taka zai fita, ƙafa ta harɗe, ya bi bango ya zube.

Inna ta ɗora hannu a ka. "Sun taɓa shi! Kulu, an yi mai sammu, ko iska ta! Kira yayanki!"

Ban san sa'ad da na fita ba. Matar aure, 'yar liman, da rana tsaka, ba takalmi, mayafi a hannu, yaro na tsalle a bayana, haka na keta gari na gangara fadama. Na hango Sahabi yana ban ruwa. Ban iya cewa komai ba sai "Baba". Ya yar da ƙwaryar ya rigaye ni gida.

Ɗakin Baba yana manne da zaure. Mun iske Inna ta saki asabari ta rufe ƙofa, ta cika ɗakin da hayaƙin turare don korar iska. Baba na kwance rigingine, baki buɗe, yana wani irin minshari mai kama da na ragon da anka yanka. Ta wanke allo ta haɗa rubutun da wani abu daga sauran maganin a ƙoƙo, tana ƙoƙarin buɗe haƙoransa da bakin ludayi, wai tunda maganin ne ya tashe shi ɗazu, shi zai sake tashe shi. Sahabi ya tsaya a bakin ƙofa, na ga hancinsa ya buɗe. Tsalle ɗaya ya yi ya buge ƙoƙon daga hannun uwarsa. Yaron da bai taɓa haɗa ido da ita ba.

"Inna, mi kunka ba shi?"

"Maganin Labbo na. Kai, hauka kaka yi?"

Ya ɗauki kwalbar ya kai hanci, ya dubi takardar. Na ga fuskarsa ta yi fari kamar toka. Ya yi salati a hankali. Ya yaye asabarin, ya fitar da kaskon turaren waje, ya dawo ya durƙusa.

Na ce, "Yaya, mi na na?"

"Giya ta, Kulu. Ba ma burkutu ba. Barasa ta, wadda Nasara ka sha ɗan kaɗan suna sirkawa da ruwa."

Inna ta ce, "Ƙarya kaka yi! Giya cikin gidan ga? Ina kas san ta?"

 Yaro na kuka a bayana, Baba na minshari.

"Na san ta, Inna. Na sha ta can. Na tuba tun ban hawo jirgi ba, Allah Ya sani. Ki yi man hwaɗa gobe, yanzu ki taimake ni."

Ya sa hannu ya mirgina Baba a kan gefensa na dama, ya lanƙwasa masa gwiwa, ya ɗaga haɓarsa. Kun san a wurinmu wa ake kwantarwa haka, fuska ga alƙibla. Inna na ganin haka ta kurma ihu, ta faɗa kansa tana jan rigarsa, tana cewa bai mutu ba, kada ya yi wa mijinta kwanciyar kabari.  Sai da ya riƙe hannuwanta biyu.

"Don kar shi mutu na. In yana rigingine yay yi amai, aman zai koma mai hanyar numfashi, ba shi da hankalin da zai yi tari. Haka wani abokina mutumin Shinaka yat tahi. Harsashi bai same shi ba, daji bai ci shi ba, ran da anka ce yaƙi ya ƙare yas sha, munka kwantar da shi rigingine muna dariya. Ni niɗ ɗauki gawatai. Kuma kar a sake zuba mai komi ga baki, ko ruwan Zamzam na."

Bai rufe baki ba Baba ya yunƙura, amai ya zubo ta gefen bakinsa. Sahabi ya sa yatsa ya share masa har maƙogwaro. Warin ya cika ɗakin, wari mai kaifi da ban taɓa ji ba, har yau in na wuce inda ake fentin mota sai in tuna da shi. Na ce to alhamdu lillahi, ai ta fita. Ya girgiza kai.

"Kaɗan ta hita. Da ya ci tuwo, da tuwon ya tsare ta cikin tumbi, ta riƙa wucewa sannu-sannu. Ciki wohi ta iske, ta zarce hanji, hanji ya miƙa ma jini, jini ya kai ta ga kai. Ga shi tsoho, ga rama, ba jikin da za ta watsu ciki. Wadda ta rage ga hanji ma yanzu taka shiga. Sai ya ƙara nauyi kahin shi yi sauƙi."

Wannan magana ita ta fi komai tsorata ni. Ashe abin da muke gani ba shi ne ƙarshen ba.

Inna ta ce a kwara masa ruwan randa. Sahabi ya ce a'a, a ma lulluɓe shi, don ɗumin da ake ji a fatarsa na cikin jiki ne ke gudu waje. Na taɓa ƙafar Baba, sanyi ƙalau, ga zufa a goshi. Inna ta ce to a kira wanzami ya yi ƙaho ya zuƙe mugun jinin, ko a jiƙa tsamiya, ko wani abu dai, a yi wani abu! Tana faɗa tana buga ƙasa da tafin hannu.

Ya ce, "Inna, likitan soja ya hwaɗa muna, kuma na gani da idona. Ba ƙaho, ba tsamiya, ba wanka. Abin da ka hita ga numfashi da hitsari ɗan kaɗan na, shi na warin ga da kika ji. Sauran duk hanta ka cinye shi, ita kuwa awa mai niƙa ga dutsi take, ko gari na gobara ba ta wuce hannunta. In numfashinai ya riƙe har ta gama, ya tashi. In giyar ta kai inda numfashi ka hitowa ta kwantar da shi kahin hanta ta gama..."

Bai ƙarasa ba. Ya ce in ciro ɗan sabin auduga daga kwandon kaɗin Inna. Ya ajiye shi a bakin hancin Baba, ya ce mu sa ido, muddin yana motsi akwai rai.

Haka munka zauna mu uku muna kallon auduga. Ta yi sama, ta kwanta. Wani lokaci ta kwanta ta daɗe, sannan Baba ya ja wani dogon numfashi mai gurnani. Sahabi ya riƙa murza masa ƙirji da ƙashin yatsa yana kiran "Baba, Baba", tun yana ɗan yamutsa fuska har ya daina. Inna na jan tasbaha, ba abin da take maimaitawa sai "Da hannuna. Da hannuna nib ba shi." Inuwar katanga kuwa sai janyewa take. Na soma jin kukan jakuna da muryoyin mutanen ƙauyuka suna shigowa Jumu'a. Sai a lokacin na tuna da cewa akwai duniya a waje, kuma tana tafe ƙofar gidanmu.

Al'ada ce, in liman ba shi da lafiya, dattawa su biyo su duba shi kafin salla, su shiga har inda yake kwance su yi masa addu'a, na'ibi kuma ya ji izini daga bakinsa. Ba a hana su. Wa zai hana? Munka ji sallamar Malam Buhari a zaure, da takun mutane da yawa. A cikinsu akwai wani dogarin hakimi da ya zo gari aike, mutumin da aikinsa ke nan kamo mashaya a bayan kasuwa. Bango ɗaya ne tsakaninmu. Da kunnena na ji ya ja hanci ya ce:

"Wanga wari hwa? Ni kam na san warin ga. Gidan liman?"



Ku kuna da ilimi, za ku ce ai wanda ya sha bisa rashin sani ba shi da laifi a shari'a. Haka ne, Baba da kansa ya karantar da wannan. Amma shari'a daban, bakin mutane daban. Dattawan gari su shigo su iske limaminsu cikin amai yana warin giya ran Jumu'a, wa zai tsaya tambayar yadda anka yi? Kafin la'asar labari ya kai Wurno, kafin kasuwa ta ci ya kai Goronyo. Ko ya tashi, wa zai sake bin sa salla bai tuna ba? Na dubi Sahabi, na ga shi ma ita yake aunawa. Ya dubi Baba, ya dubi kwalbar.

Ya matso kusa da ni yana magana ƙasa-ƙasa, da sauri. "Kar ki bari shi koma rigingine. In yay yi amai ki share. In ya buɗe ido har ya san ki, ya iya haɗiya, ki ba shi kunu da zuma kaɗan-kaɗan, don jininai ba abinci. Kahin nan ko ɗigo. Kwalbar ga ki jehwa ta masai."

Na ce, "Ina za ka?"

 Ya tuttula ɗan abin da ya rage a kwalbar a gaban rigarsa da gemunsa, ya kurɓi na ƙarshe ya kurkure baki ya tofar. Ya tofar, na ce. Ina tsaye, na gani, ko ɗigo bai haɗiye ba. Ya cusa mini kwalbar a zane, ya ture hularsa gefe. Inna ta gane kafin ni. Ta miƙa hannu, ta buɗe baki, sai na ji abin da ban taɓa ji ba tun da nake:

"Sahabi!"

Ya ɗan tsaya, bai waiwayo ba. Ya fita.

Abin da ya biyo baya ta bango na ji shi. Na ji ya faɗa zaure yana wata waƙar bariki da murya a karye. Na ji salati ya tashi. Na ji ya tokare ƙofar ɗakin yana cewa tsoho ya gan shi ya faɗi, a ƙyale tsoho ya huta, wanda ya isa ya zo ya wuce. Na ji Malam Buhari yana cewa, "La'ananne, ka kashe ubanka da baƙin ciki!" Na ji mari, na ji ana jan sa a ƙasa, hayaniya ta yi waje ta nufi gidan maigari. Ba wanda ya sake tunawa da shiga duba liman. Daga baya Malam Buhari ya yi magana daga bakin zaure, ya ce Inna ta yi haƙuri, shi zai ja salla.

Sai gida ya yi shiru, shirun da ban taɓa jin irinsa ba. Duk mazan gari suna masallaci, wanda ya san abin nan an tafi da shi, saura ni da tsohuwa da jariri da ɗan sabin auduga. Ana cikin huɗuba audugar ta kwanta ba ta tashi ba. Na jira. Ba ta tashi ba. Leɓen Baba ya soma yin baƙi-baƙi. Inna ta fara kalmar shahada a kunnensa. Ni kuwa wani abu ya taso mini, tsoro ne ko fushi ban sani ba, na dunƙule hannu na murza ƙirjinsa da iyakar ƙarfina kamar yadda na ga Yaya ya yi, ina ihu a fuskar ubana, "Ba ka isa ba, Baba! Bayan abin da yay yi, ba ka isa ka mutu ba!" Allah Ya yafe mini wannan magana. Sai ya ja numfashi, audugar ta yi tsalle ta faɗi ƙasa. Na ɗauko na mayar.

Sai da rana ta yi sanyi minsharin ya sauya ya koma na barci. Gab da magariba ya buɗe ido ya ce, "Kulu, kaina." Na ba shi kunu da zuma a bakin ludayi. Ya tambaya ko an yi kiran Jumu'a. Bai tuna komai ba. Daga ƙoƙo na biyu har zuwa lokacin nan, an shafe masa kamar an wanke allo. Shi da bai taɓa jin warin giya ba, bai san abin da ke jikin rigarsa ba, mun kuwa canza ta kafin ya gama dawowa hayyacinsa. Da ya tambayi maganin, Inna ta ce ya fi ƙarfinsa, ta zubar.

Washegari dattawa sunka zo sunka gaya masa abin da ɗansa ya yi, da yadda shi ya gan shi ya faɗi. Ya saurara har sunka gama. Ya ce, "A yi mai abin da Allah Yac ce. Kuma kar shi sake taka zauren ga."

An kai Sahabi gaban alƙali a Wurno, ya amsa da bakinsa, anka yi masa bulala tamanin a bainar jama'a. Bulalar haddi ba ta fasa jiki, mai dukan da ƙwayar wuri ta kuɗi matse a hammata yake yi don kada hannunsa ya ɗaga. Kunyar ita ce dukan. Gidan da anka yi masa baiko sunka maido da kaya tun kafin ya dawo daga Wurno. Na same shi a bukkarsa ta fadama yana ɗaure tabarma. Na ce wallahi yau zan gaya wa Baba, in ya so sama ta faɗo.

Ya ce, "Ke ba ki san ubanki ba? In yaj ji, Jumu'a mai zuwa zai hau mumbari shi hwaɗa ma duniya da bakinai, shi aje limanci, shi shiga ɗaki har mutuwa. Inna hwa, da ta zuba mai? Labbo hwa? Ni an riga an ce soja na, ba abin da anka ɗauke man wanda nike da shi."

Na ce, "An buge ka a kan abin da ba ka yi ba."

"Wadda nis sha can, wa ya buge ni? Ki ɗauka ita ta."

Ya sa na rantse. Ya tafi Goronyo ya yi dakon albasa, daga baya ya sami 'yar rumfa. Shi ya tare Labbo a can ya gaya masa, ya kuma rufe masa baki. Labbo ya yi kuka kamar mace, bai sake kawo wa Baba komai ba sai dabino. Inna kuwa daga ran nan ba ta sake miƙa wa kowa magani da hannunta ba, ko jikokinta. In ta yi daddawa sai ta ware wani ƙunshi ta ajiye inda zan gani, ba ta ce na wane ne ba, ni ma ban tambaya.

Baba ya yi shekaru masu yawa bayan haka yana limanci, ana zuwa daga nesa neman addu'arsa. Sunan Sahabi bai sake fitowa daga bakinsa ba. Sau da yawa ina kawo masa ruwan alwalla maganar na zuwa mini har maƙoshi, in tuna rantsuwa in mayar. Sai a ciwonsa na ajali, wata safiya, ya ce da ni, "Aika Goronyo."

Sahabi ya iso da la'asar, furfura ta fito masa. Ya tsaya a ƙofar zaure bai shiga ba sai da na ce Baba ne ya ce. Ya durƙusa nesa da shimfiɗa, kansa a ƙasa. Inna na gefe ta juya fuska ga bango. Baba ya daɗe yana dubansa.

"Ka bari?"

"Na bari, Baba."

"Tun yaushe?"

"Tun ran nan."

Baba ya lumshe ido. Ya miƙo hannu, Sahabi ya matso da gwiwa, ya ɗora masa a ka. "Ka ƙona man rai, Sahabi. Ka kusa kashe ni. Amma ba ni son in tai gaban Allah da kai cikin zuciyata. Na yahe maka, duniya da lahira."

Na cusa bakin zanena a baki na cije. Na dubi Yaya, ina roƙonsa da ido, yanzu dai, yanzu kam faɗa masa. Bai dube ni ba.

Ya ce, "Na gode, Baba. Allah Shi saka da alheri."

Na fita da gudu na zaga bayan rumbu, na durƙusa ina kuka kamar raina zai fita. Can na ji takunsa. Ya tsaya a kaina, idonsa jawur, amma fuskarsa a sake, rabon da in gan ta haka tun kafin a tafi da shi soja.

Ya ce, "Ke Kulu, mi kika yi ma kuka? Ba ki ji ya yahe man ba?"